Layin Mamaci a Tashar Yendi

Aikin da aka ba ni a wancan kamfani bai wuce kalma ɗaya ba: layi. Wata ƙungiyar direbobi ce ta zo ofishinmu a Tamale tana son manhajar da za ta riƙe mata layin lodi a tashoshinta uku, ɗaya a Salaga, ɗaya a Yendi, ɗaya a Bawku. Na ce kamfani, amma kada a hango dogon bene mai gilashi. Ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya, da fanka mai kuka, da mu ma'aikata da ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba. Mai kamfanin muna kiransa Masta. Ni kaɗai ce mace, kuma ni aka miƙa wa aikin don ni 'yar direba ce, an ɗauka na san warin tasha.

Na san shi kuwa. Kafin kwamfuta, baƙin allo ne jingine a rumfar bukman, wato mai rubuta motoci da yanka tikiti. Mota ta dawo daga hanya, a rubuta lambarta a ƙasa da alli. Ta sama ta cika ta tashi, a goge. Ba abin da ya kai wannan sauƙi, in ba don yatsa da yawu ba. Direba ya je salla ya dawo ya tarar lambarsa ta sauka, ta wani ta hau, bukman kuma yana kurɓar shayi mai kauri da ba a san wanda ya saya masa ba. Daga nan sai zagi da cin kwala, wani lokaci har ofishin 'yan sanda. Shugabannin ƙungiya sun gaji. Abin da suka ce wa Masta shi ne a yi musu layin da hannun mutum ba ya iya taɓawa.

Masu irin sana'armu ba sa fara komai daga tushe, kuma duk wanda ya ce maka yana yi, ko dai ƙarya yake ko yana ɓata lokacin mai biyansa. Akwai abin da muke kira laburare, tarin dabarun da wasu suka riga suka rubuta, suka gwada, suka gyara, suka ajiye don kowa ya ɗauka. Jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba, neman abu ɗaya a cikin tari, riƙe layi, duk an daɗe da gama su. Wanda na fi so shi ne laburaren tamfilet. Tamfilet kamar mazubin bulo yake: siffar tana nan, kai za ka zaɓi abin da za ka zuba. An rubuta layi sau ɗaya, ba a ce layin mene ne ba. Ka zuba motoci ya zama layin motoci, ka zuba majinyata ya zama layin asibiti, wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Fuskar manhajar ma ba ni na zana ba. Teburin da lambobi ke jeruwa a ciki, da maɓallan dannawa, da kalanda, da abin da ke magana da firinta, duk gutsattsari ne da ake samu a shirye, nawa in ɗinke su. Wani abokin karatuna ya taɓa ce mini wannan ba rubuta manhaja ba ne, haɗe-haɗe ne. Na tambaye shi ko telan da ya ɗinka rigar da ke wuyansa shi ya saƙa yadin, sai ya sauya zance.

Ƙa'idojin da Masta ya kawo mini daga wurin ƙungiya gajeru ne. Motar da aka kira ba ta nan ta koma ƙarshe. In ta yi ta rashin zuwa, a fitar da ita sai mai ita ya dawo da ita. Firinta ba za ta buga tikiti ba sai da lambar da ke sama. Babu maɓallin hawa da wani, babu na saukar da wani. Kwamfutar tebur za a ajiye a kowace rumfa, ba intanet, don ba wanda zai yarda lodinsa ya tsaya jiran sabis. Duk gyaran da za a yi nan gaba sai an ɗauko shi a filash an kai da ƙafa.

Na karanta har ƙarshe, na ɗaga kai.

"Masta, layin mamaci fa?"

Masta mutumin Savelugu ne, Hausarsa ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa. Ya zare gilashin idonsa.

"Wane layin mamaci kuma, Sista? Mutum ya mutu, ya fita layi."

Sai na yi masa bayani. A tashoshinmu, in direba ya rasu ba a goge lambarsa sai matarsa ta fita takaba. Ranar da layinsa ya zo, wani direba ne zai yi lodi da sunansa, ya je ya dawo, ya cire na mai, ya kai sauran gidan mamacin. Shi kuma mai ɗaukar ana tsare masa nasa gurbin, yana dawowa ya yi lodinsa. Wahalar hanya kawai ya bayar. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, shi ya sa bai shigo takardar ƙungiya ba. Ni kuwa da shi na ci tuwo. Ina firamare babana ya rasu a Salaga, Mma, mahaifiyata, ta shiga ɗaki ta zauna takaba, mu yara muna kallon juna. Lokaci-lokaci sai mu ji sallama a ƙofar gida, wani direba ya tsaya da ƙura a gira, ya miƙo ƙullin baƙar leda, wani lokaci har da doya. Mma ta sha ja mana kunne cewa kada mu taɓa ce wa kowa sadaka aka kawo mana. Layin babanmu ne ya yi lodi.

Masta ya saurara har na gama, ban raina masa wannan ba.

"Allah ya jiƙan Baaba," ya ce. "Amma Sista, ka duba. Mutane nan sun biya mu domin mu kulle ƙofa. In ka buɗe ƙaramin taga domin mamaci, gobe bukman zai kashe mutum goma a kwamfuta, duka suna da rai suna cin wache, shinkafa da wake, a bakin tasha. Ba na so koraa, ko kaɗan."

Maganarsa ba ta banza ba ce, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ce akwai yadda za a tsare tagar. Ya ce babu lokaci, babu kuma wanda zai biya wannan ƙarin aikin. Na ce to ya tuna na faɗa. Ya ce ya tuna, ya mai da gilashinsa. Na ɗauko layin laburare yadda yake, na zuba motoci, na ɗinka masa fuska, raina a ɓace.

Salaga na fara kai shi, garinmu. Tsofaffin direbobin da suka san babana suka kewaye rumfa suna cewa 'yar marigayi ta kawo musu talabijin, wani ya tambaya ko ana kama ƙwallo a ciki. Na ce ana kama ɓarawon layi, aka yi dariya, ban da bukman. A Bawku kalanda ce ta so ta ba ni kunya. Ita mako kawai ta sani, kasuwar Bawku kuwa duk kwana uku take ci, yau ta faɗo Litinin gobe ta faɗo Alhamis, kuma ranar kasuwa mota biyu ake bari su yi lodi tare saboda masu albasa. Ban jefar da kalandar ba, na ɗora mata ɗan lissafi a kai ta koyi zagayen kasuwa, muka rabu lafiya. A Yendi na fi daɗewa, don a can gwaggona ke aure gidan wani Afa, malami mai karantar da manya a zaurensa, ina da wurin kwana da tuwo. Bukman ɗin Yendi da yatsa ɗaya yake bugawa, yana yi yana cije leɓe. Akwai kuma wani dattijo mai shuɗiyar bas da ke hanyar Tamale, wanda ya laƙaba mini Injiniya har sunan ya bi ni. Duk sanda zan koma, sai ya tashi wanda ke kujerar gaba ya ce injiniyoyi ba sa zama a baya.

Faɗa ya ragu a tashoshin, wannan gaskiya ne. Direba ya tafi salla hankalinsa kwance. Masta ya riƙa ba da labarinmu a duk inda ya zauna, ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Cikin damina bukman ɗin Yendi ya kira ni.

"Injiniya, Baaba mai shuɗin bas ya rasu. Ciwo kaɗan ne. An binne shi. Layinshi ya zo, kwamfuta ya kira, ba kowa, ya jefa shi baya. Na danna, na danna, bai yarda ba."

Na nemi izinin zuwa gaisuwa, na hau mota.

Abin da na tarar ya fi abin da na zata muni. Ciyaman na tashar, wani dogon dattijo mai carbi, ya yi ƙoƙari. Ranar farko ya sa wanda ke bin layin ya yi lodi ya kai wa iyalin. Wannan kuwa wani matashi ne da ya karɓi mota a wok-an-pe, wato yana tuƙi yana biyan mai motar kowane mako har ta zama tasa. Ya yi biyayya ya je. Amma tunda kwamfuta ta riga ta ture lambar mamacin, da tasa lambar aka buga tikiti. Da ya dawo ya tarar an jefa shi ƙarshe kamar kowa. Layinsa ya ci, kuɗin ya tafi gidan rasuwa, mai mota kuma ba ruwansa da takaba. A da wahalar hanya ake bayarwa, yanzu sai mutum ya ba da abincin gidansa. Da layin ya sake zagayowa ba wanda ya yarda. Kuma sun sami abin fakewa. Kowa ka tambaya sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kwamfuta ya ce." Har waɗanda ba su taɓa son al'adar ba suka sami bakin magana. Kafin in iso, manhajar ta gaji da kiran motar da ba ta zuwa, ta fitar da lambar gaba ɗaya, daidai yadda aka ce in rubuta ta.

Na sami matashin yana wanke gilashin motarsa. Ya gan ni ya ɗaure fuska.

"Madam, kada ka zo mini da wa'azi. Na yi sau ɗaya, na ci bashi. Injinka ne ya cire shi, ba ni ba."

Ban yi masa wa'azi ba.

Gwaggona ta raka ni gidan rasuwar. Shuɗiyar bas tana fake a ƙofar gida, kaji sun riga sun sami inuwa a ƙarƙashinta. Matar tana zaune a tabarma a ƙuryar ɗaki, lulluɓe, 'ya'yanta ƙanana suna shiga suna fita. Muka yi ta'aziyya. Ba ta san ni ce na rubuta abin ba, gwaggo kuma ba ta faɗa ba. Wata maƙwabciya ce ta tayar da zancen tasha, tana cewa ba a ga kowa ba kwana biyu. Matar ta gyara lulluɓinta.

"Sun ce inji ne ya cire shi," ta ce a hankali. "Na ce to, ba komai. Inji bai san shi ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Ni ce na kasa haɗa ido da ita. Ba ta da damar fita ta nemi ko sisi har watanni, kuma abin da mijinta ya bar mata a tasha an share shi da aikin hannuna. Na ji kunya, amma fushin ya fi kunyar yawa.

Na koma Tamale na tsaya a gaban teburin Masta, ban zauna ba. Na ce abin da na faɗa ya faru. Ya ce ya ji, ya kuma yi baƙin ciki, zai aika wa matar da wani abu daga aljihunsa. Na ce ba sadaka take jira ba, layin mijinta take jira. Ya ce kwangila kwangila ce, ƙungiya ba ta nemi gyara ba, kuma yana shirin sayar da manhajar nan ga wasu tashoshi a Walewale da Gambaga da sunan layin da ba a taɓawa.

"In ka taɓa shi, Sista, ka taɓa sunan kamfani. Ka bar shi haka."

Na ce ina son hutun kwanakin da nake bi. Ya ba ni, yana ganin zan je in huce. Na ɗauki laftof ɗin ofis na koma Yendi.

A barandar gwaggo na yi aikin, da rana, ina jin muryar Afa daga zaure yana jan baƙi ɗalibansa suna bi. Layin laburare da gangan aka yi shi ba ya nuna maka sai kai da wutsiya, don kada a taɓa tsakiya. Ban ga laifinsa ba, abin da aka gina shi don ya yi ke nan. Amma tamfilet bai taɓa cewa sai mota za a zuba masa ba. Mu ne muka zuba mota. Sai na sauya abin zubawa: maimakon mota, na zuba gurbi, kowane gurbi da mai shi da kuma mai ɗaukarsa. Ga mai rai, mutum ɗaya ne duka biyun. Ga mamaci, lambar tasa ce, motar ta wani. Na kuma koma ga wani mazubin a cikin laburaren, wanda ke barin a tsallake gurbi ba tare da an ture shi ba, don mai ɗauka ya dawo ya tarar da wurinsa. Yadda ake zaɓen mai ɗauka kuwa na bar shi a buɗe, kowace tasha ta zuba nata, don na san a Salaga da Yendi na baya ne ke ɗauka, a Bawku kuma zagayawa suke yi a tsakaninsu.

Faɗin abin ya fi yinsa sauƙi. Duk wanda ya yi aiki da tamfilet ya san halinsa: ka manta abu ɗaya ƙanƙani, ya zazzago maka ƙorafi shafi-shafi kamar an taɓa tsohuwa mai mita, alhali laifin yana layin farko. Wuta ta ɗauke sau da yawa, na riƙa ɗaukar laftof zuwa shagon mai cajin waya. Gwaggo tana wucewa da tsintsiya tana cewa ba ta taɓa ganin mai faɗa da allo shi kaɗai ba.

Abin da Masta ke tsoro ban yi wasa da shi ba. Na sa ba a buɗe layin mamaci sai mutum uku sun zo kowa ya buga kalmarsa ta sirri: ciyaman, da bukman, da limamin masallacin tasha. Na sa gurbin ya fito da launi daban a allon kwamfutar da ke fuskantar fili, kowa ya gani. Mutuwa ba ta ɓuya a tasha, in aka kashe mai rai a kwamfuta shi da kansa zai zo ya gani. Ranar rufewa kuma, wato ranar fita takaba, na ce manhajar ta lissafa da kanta. Kalandar nan da na yi faɗa da ita a Bawku ashe tana iya nuna watannin Musulunci, ba wanda ya taɓa kunna mata su. Na kai wa Afa ya duba lissafin. Ya duba ya ce daidai, sannan ya tambaye ni in matar na da ciki fa, tunda ita sai ta haihu. Na koma na ƙara cewa mutum ukun nan na iya gyara ranar.

Abu na ƙarshe da na sa ba wanda ya nema. In layin mamaci ya zo, allo zai nuna wanda ɗauka ta faɗo wa, da maɓalli biyu a ƙasa. Ɗaya ya ce na ɗauka, ɗaya ya ce ban ɗauka ba. Wanda ya ƙi ba abin da za a yi masa, layinsa na nan, a wuce ga na bayansa. Amma shi zai zo ya danna da yatsansa, ba bukman ba. Na gaji da jin kwamfuta ya ce.

Na nuna wa ciyaman. Ya daɗe yana jan carbinsa.

"'Yata, ni zan ji da ƙungiya, su ma direbobi ne, su ma za su mutu. Ke fa da Mastanki?"

Na ce zan ji da shi. A gaskiya ina jin tsoro. Aikin manhaja a arewa ba a tsintarsa a hanya, kuma da albashin nan nake saya wa Mma magani. Amma ban yarda in yi abin a ɓoye ba, kamar mai goge allo da yawu. Bayan la'asar na kira Masta.

"Masta, gobe da safe zan sa gyara a Yendi. Ina gaya maka don kada ka ji a bakin wani."



"Sista, ka yi tunani?"

"Na yi."

"To. In ka sa, kawo laftof na ofis ka ajiye a tebur. Shi ke nan ni da kai."

"Zan kawo da kaina," na ce.

Da safe an yi yayyafi, filin tasha duk taɓo. Masu koko da ƙosai sun riga sun kafa, fasinjojin Tamale suna tsaye da kayansu a ƙarƙashin rumfa. Labari ya riga ya zaga, direbobi suka taru fiye da yadda suka saba. Na soka filash, na sa gyaran, na kashe kwamfutar na kunna, ina addu'a kada ta zaɓi yau ta yi mini gardama. Ta tashi lafiya. Ciyaman ya buga kalmarsa, liman ya buga tasa, bukman ya buga tasa da yatsansa ɗaya. Ciyaman ya juya ya tambayi mutane a ina za a mai da lambar marigayi. Wani tsoho ya ce a sama, ai an ci masa layi ba sau ɗaya ba. Ba wanda ya musa. Lambar shuɗiyar bas ta fito a saman allo, koriya shar.

A ƙarƙashinta kuma lambar matashin nan ce mai wok-an-pe, don shi ke kan gaba a safiyar. Ban shirya hakan ba, amma da an ce in zaɓa, shi zan zaɓa.

Ya matso yana huci, makulli a hannu.

"Madam, ni kuma? Kullum ni?"

Na nuna masa allon. Na ce ya duba lambarsa, ba za ta motsa ba. In ya je ya dawo, shi ne na farkon lodi, ko mota nawa ta tashi a bayansa. Tikitin da za a buga yanzu ba nasa ba ne, na marigayi ne. Ya karanta, ya sake karantawa, yana motsa leɓe. Ya dubi bukman, bukman ya gyaɗa kai.

"To kwamfuta ya ce in ɗauka ke nan?"

"Kwamfuta ba ta ce komai ba," na ce. "Ga maɓalli biyu nan. In ka ƙi, ba mai taɓa layinka, ni na rubuta shi haka. Amma kai za ka danna."

Bukman ya ja kujerarsa baya ya ba shi wuri. Matashin ya tsaya yana kallon maɓallan. Na ga yana lissafi a ransa, na mai, na mai mota, na tayar da ta soma sulɓi, kuma ban ga laifinsa ba. Ya dubi mutanen da ke bayansa, har ciyaman ya kau da kai don kada a ce ya matsa masa. Ya goge yatsansa a wando, ya danna.

Firinta ta yi ƙara ta turo tikitin farko. Bukman ya yage shi ya ɗaga yana dubawa, ya karanta lambar shuɗiyar bas a fili. Liman ya ce Allah ya jiƙansa, aka amsa. Matashin bai tsaya jin godiya ba, ya juya yana masifa wai a matsa masa ya juyo da mota, rana na yi.

Na rufe laftof na sa a jaka, na naɗe wayar cajinsa na haɗa, don kada a ce na riƙe wani abu na kamfani. Bukman yana riƙe da tikitin yana neman fasinja na farko. Na buɗe jakata na miƙa masa kuɗin mota.

"Injiniya, ina zuwa?"

"Tamale," na ce. "Zan je a sallame ni. Ba ni wannan na hannunka."